Mu Dubi Halitta: Wace Kyamara Ce Ta Dace da Madubin Hangen Tsuntsaye?



Tun da muka soma zancen tsuntsaye a nan, akwai tambaya guda da take ta komowa cikin wasiƙunku. Masu tambayar sun ga mutane suna kafa madubin hangen nesa a bakin fadama, suna manna kyamara ko wayar hannu a bakinsa, sai ga hoton tsuntsu ya fito sarai har ana iya ƙirga gashin fukafukinsa. To, wace kyamara ce za a saya domin wannan aiki?

Tambayar tana da nauyi, gama kuɗin daga aljihun iyali zai fito, inda kuɗin makaranta da na magani da na taki suke jira. Mutum yana iya sayen kyamara mai tsadar gaske, ya kai ta gida da murna, ya ɗora ta a kan madubin, ya tarar ba ta ganin kome sai ɗan haske a tsakiyar baƙin zobe. Don kada haka ta sami ɗayanmu, bari mu bi maganar daki-daki.

Madubin da sassansa

Madubin hangen nesa iri biyu ne a hannun masu kallon tsuntsaye. Akwai mai ido biyu, wanda ake ratayawa a wuya, yakan jawo abu sau 8 ko sau 10. Akwai kuma mai ido ɗaya, dogo, wanda ake ɗorawa a kan matokari mai ƙafa uku. Shi ne abin zancenmu yau. Yawancin irinsa suna jawo abu daga sau 20 zuwa sau 60.

Sassa biyu za ku riƙe a ka. Na fari shi ne gilashin gaba, babban nan mai fuskantar tsuntsu, wanda yake tara haske. Ana auna faɗinsa da milimita, galibi 60, ko 65, ko 80, ko 85. Na biyu shi ne ƙaramin gilashin baya inda mutum yake sa idonsa. Za mu kira shi maleƙa. In kun ga an rubuta 20-60x80 a jikin madubi, ma'anarsa ke nan: yana jawowa daga sau 20 zuwa 60, gilashin gabansa kuwa milimita 80 ne.

Dabarar ɗaukar hoton ba ta da wuya a faɗa. Inda idon mutum yake tsayawa, can za a sa idon kyamara. Abin da ido zai gani, shi kyamara za ta ɗauka.

Yadda abin ya faro

A shekarar 1999 wani mai kallon tsuntsaye a ƙasar Maleshiya, mai suna Laurence Poh, ya riƙa kara ƙaramar kyamarar dijital a bakin madubinsa yana samun hotuna masu ban mamaki, ya kuwa baza su ta intanet. Nan da nan dabarar ta yaɗu ko'ina. Wani Bafaranshe, Alain Fossé, shi ya laƙaba mata sunan da ake kiranta da shi har yau, wato dijiskofin.

Kyamarorin da suka yi suna a wannan aiki a lokacin su ne Nikon Coolpix 950 ta 1999, da 990 ta 2000, da 4500 ta 2002. Ta farkon megafiksel 2 kaɗai gare ta, abin da ƙaramar waya ta yau za ta yi wa dariya. Me ya sa suka dace? Idonsu ƙarami ne, ba ya fitowa waje yana komawa sa'ad da ake jawo hoto, akwai kuma zare a bakinsa inda za a ɗaura mahaɗi. An daɗe da daina yin waɗannan kyamarori, amma darasin da suka bari yana nan, shi ne kuwa tushen dukan abin da za mu faɗa.

Doka ta fari: idon kyamara ya zama ƙarami

Ku ɗauki madubi ku nisantar da shi daga fuskarku kamar kamu ɗaya, ku dubi maleƙa. Za ku ga ɗan da'irar haske a tsakiya. Dukan hoton ta wannan 'yar ƙofa yake fitowa. Ana sanin faɗinta in an raba faɗin gilashin gaba da yawan jawowa. Madubi mai milimita 80 a kan sau 20 yana ba da milimita 4. A kan sau 40, milimita 2. A kan sau 60, milimita 1.3 kaɗai.

An yi madubin ne domin idon ɗan Adam, wanda baƙin tsakiyarsa da rana bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Kyamarar da idonta ya yi kama da na mutum wajen ƙanƙanta, ita za ta sha hasken nan daidai. Wadda gilashinta ya kai faɗin bakin kofi, ga tsawo, ba za ta iya matsowa inda hasken yake taruwa ba. Sai hoto ya fito kamar ana leƙen rijiya, tsuntsu ɗan mitsitsi a tsakiya, kewaye duk baƙi.

Akwai kuma tazarar da ke tsakanin maleƙa da wurin da ido ya kamata ya tsaya. Masu ƙera madubi suna rubuta ta a takardar kayan. In ta kai milimita 17 zuwa 20, kyamara za ta sami wurin zama, masu sa tabarau ma za su ji daɗin kallo. In gajera ce ƙwarai, baƙin zoben zai yi wuyar kora.

Ɗan lissafi

Masu hoto suna auna ƙarfin jawowar gilashin kyamara da milimita, bisa ga ma'aunin tsohon fim mai milimita 35. Gilashi mai 50 yana ganin abu kusan yadda ido yake ganinsa. Don ku san abin da za ku samu in kun haɗa kyamara da madubi, sai ku ninka lambar kyamarar da yawan jawowar madubin.

Babban idon yawancin wayoyi yana wajen 26. A kan madubi mai sau 30, wannan ya zama 780. Kyamara mai gilashin 40 a kan madubin nan za ta ba da 1,200, wato abu ya matso kamar sau 24. Gilashin kyamara guda da zai kai wannan ƙarfi shi kaɗai, kuɗinsa yana iya sayen mota, nauyinsa kuma sai ƙato. Riba ke nan ta wannan dabara.

Amma fa kome yana da farashinsa. Duk sa'ad da kuka ninka jawowa sau biyu, hasken da yake isa kyamara yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Daga sau 20 zuwa sau 60, kashi ɗaya cikin tara ne ya rage. Hoto ya dushe, rawar hannu da ta iska kuma ta ƙaru. Saboda haka gwanaye sukan bar madubinsu tsakanin sau 20 da sau 30, su bar sau 60 domin kallo da ido. Kwaɗayin jawowa shi ne babban abin da yake ɓata wa sababbin shiga hoto.

Wayar hannu

Mu fara da abin da yake aljihun mutane da yawa. Idon waya ƙarami ne, kusan daidai da na mutum, yana kuma kusa da fatar wayar, don haka yana zama a bakin maleƙa ba gardama. In baƙin zobe ya fito, sai a ɗan jawo hoton da yatsu biyu har ya ɓace. Allonta babba ne, yara uku ko huɗu suna iya kallo tare, ba sai an yi layi ba. Tana ɗaukar bidiyo da kukan tsuntsun, tana rubuta rana da sa'a, in an yarda mata har da wurin da aka tsaya.

Abin da za a saya mata shi ne mahaɗi, wato abin da zai riƙe ta daram a tsakiyar maleƙa. Akwai wanda aka yi domin waya iri ɗaya, akwai mai maƙalewa a kowace iri. Mai dabara yana iya yin nasa: a sami tsohon gidan waya na roba, da guntun bututun famfo ko murfin kwalba wanda ya shiga bakin maleƙa cif, a manne su da gam mai ƙarfi, a kula ramin ya yi daidai da idon wayar.

Matsalarta biyu ce. Wayoyin yanzu suna da idanu biyu ko uku, sukan kuma sauya daga wannan zuwa wancan da kansu, sai allo ya yi baƙi ƙirin farat ɗaya. Maganin wannan shi ne a shiga tsarin kyamarar a tsayar da ita a kan ido guda. Ta biyu, farantin da yake kama haske a cikinta, wanda ya maye gurbin fim, ana kiransa sensa, ƙarami ne. Da hantsi hoto zai yi kyau, amma da almuru ko a inuwar kurmi sai ya yi yashi-yashi.

Ƙaramar kyamarar aljihu

Wannan ita ce jikar Coolpix ɗin nan ta dā. A nan ne mutane suka fi yin asara, gama mai kanti zai nuna muku wadda take jawowa sau 30 ko sau 40, ya ce ta fi. Domin wannan aiki ba ta fi ba. Gilashinta dogo ne, yana fitowa yana komawa, baƙin zoben ba zai tafi ba, wani lokaci ma gilashin ya bugi maleƙa ya karce. Ku nemi wadda jawowarta bai wuce sau 3 ko sau 4 ba.

Ku dubi girman sensa kuma. Na ƙananan kyamarori na kullum wajen milimita 6.2 ne da 4.6. Wanda ake kira mai inci ɗaya kuwa milimita 13.2 ne da 8.8, wato ya ninka wancan wajen sau huɗu a fili, ya fi shi shan haske nesa ba kusa ba. Sony RX100, wadda ta fara fitowa a 2012 da gilashi daga 28 zuwa 100, irin wannan sensa gare ta, masu dijiskofin da yawa sun yi aiki da ita. Wayar hannu ta kashe kasuwar kyamarorin aljihu, sababbi sun yi ƙaranci, don haka galibi ta hannu za ku samu. In za ku sayi ta hannu, ku tabbata batirinta da abin cajinsa suna nan, ana kuma samun irinsu a kasuwa.

Kyamara mai sauya gilashi

Wanda yake son hoton da za a buga a kalanda ko littafi, nan zai zo. Iri biyu ne. Tsohon iri yana da wani ɗan madubin fuska a cikinsa wanda yake ɗagawa ya faɗi duk sa'ad da aka ɗauki hoto. Bugun nan yana girgiza kyamara, a jawowa sau 30 kuwa ko girgiza kaɗan takan ɓata hoto. Ga nauyi, wanda yake rinjayar madubin ya sa bakinsa ya dubi sama. Sabon iri ba shi da wannan madubin ciki, ya fi sauƙin nauyi, yana kuma iya ɗaukar hoto shiru ba motsi. Shi ya fi dacewa.

A cikin sabon irin ma, mai matsakaicin sensa ya fi mai babba sauƙin sha'ani. Kyamarorin Panasonic da na Olympus, waɗanda yanzu ake sayarwa da sunan OM System, suna da sensa mai milimita 17.3 da 13. In aka sa musu ɗan gajeren gilashi mai faɗi kamar waina, irin na Panasonic mai milimita 20, yana daidai da 40 a ma'aunin tsohon fim, yana kuma matsowa kusa da maleƙa sosai. Mai cikakken sensa, 36 da 24, yana bukatar haske mai yawa da mahaɗi mai tsada kafin a ci moriyarsa.

Akwai wata hanya kuma, inda ake cire gilashin kyamara gaba ɗaya a haɗa jikinta da madubin ta wani bututu na musamman. Kamfanoni irin su Swarovski da Kowa suna yin wannan domin nasu madubai. Hoto yana fita da kyau, amma kyamara ba ta iya saita gani da kanta, dole mutum ya juya zoben madubin da hannu, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne.

Wanda bai riga ya sayi madubi ba

Ga wata gaskiya da ya kamata a faɗa. In ba ku da madubin tukuna, hoto kuma kuke so fiye da kallo, akwai kyamarori masu dogon gilashi a jikinsu waɗanda ba su bukatar madubi sam. Nikon Coolpix P900 ta 2015 da P950 ta 2020 suna jawowa har 2,000 a ma'aunin nan, P1000 ta 2018 kuwa har 3,000. Sensansu ƙarami ne, amma suna saita gani da kansu, suna rage rawar hannu, ana kuma iya bin tsuntsu mai tsalle-tsalle da su, abin da yake da wuya ƙwarai da madubi. Kaya ɗaya ke nan maimakon huɗu. Sai dai ba za a haɗa su da madubi ba, kuma daɗin kallo da ido ta gilashi mai kyau, wannan ba su da shi.

Abin da za ku duba a kanti

Gani ya kori ji. In da hali, ku tafi da madubinku, ku kara kyamarar a bakinsa kafin ku biya. Ku dubi wani rubutu mai nisa a ƙetaren titi, sa'an nan ku tambayi kanku waɗannan:

Baƙin zoben yana tafiya in an ɗan jawo hoto? Gilashin kyamarar yana taɓa maleƙa? Ana iya ɗaukar hoto ba tare da an taɓa ta ba, ko da igiya, ko da rimot, ko da agogon ciki mai jira daƙiƙa 2? Mutum yana iya zaɓen saurin ƙiftawarta da lambar ISO da kansa? Tana ɗaukar hotuna da yawa a jere in an danne maɓalli? Allonta yana ganuwa cikin rana, yana kuma karkatawa? Tana da ramin zare a ƙasa ko a baki inda mahaɗi zai kama?

Yawan megafiksel ba ya cikin tambayoyin nan, da gangan kuwa. Kowace kyamara ta yau tana da abin da ya isa. Hoto ba zai taɓa fin gilashin da ya ratsa kyau ba. In kuɗi kaɗan ne, gara a sa mafi yawansa a madubi, musamman wanda aka rubuta ED ko HD a jikinsa, wato gilashin da yake hana shuɗi-shuɗi da ja-ja fitowa a gefen farin tsuntsu kamar balbela. Madubi mai kyau yana iya yin shekara ashirin yana aiki, kyamara kuwa tana tsufa da wuri.

Ƙafa uku, haske, da ƙura

Matokari mara ƙarfi ya fi muguwar kyamara ɓata hoto. Ku nemi mai nauyi, kada ku miƙa shi har ƙarshe, gara ku zauna a kujera 'yar tsugunno ku bar ƙafafunsa gajeru. In iska tana kaɗawa, ku rataya jaka da dutse a ciki a tsakiyarsa. Kada ku danna maɓalli da yatsa. A wayoyi da yawa maɓallin ƙara murya na igiyar kunne yana ɗaukar hoto, wannan ya isa. Saurin ƙiftawa ya kai kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa ko fiye, in tsuntsun yana motsi.

Lokacin hoto a ƙasarmu daga fitowar rana ne zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. In rana ta take, ƙasa tana fitar da zafi, iska tana rawa kamar kawalwalniya, madubin kuwa yana jawo rawar nan tare da tsuntsun. Babu kyamarar da take maganin wannan. Rana ta kasance a bayanku. Tsuntsun da yake taku 20 ko 30 zai ba da hoto mai kyau, wanda yake taku 200 kuwa hoton shaida kawai za a samu.

Hunturu shi ne lokacin baƙin tsuntsaye daga Turai, shi ne kuma lokacin hazo da ƙura. Ku rufe gilashi in ba a aiki da shi. Kada ku goge shi da bakin riga, gama ƙurar yashi ce, tana karce gilashi. A fara hure ta da ɗan famfon roba, sa'an nan a shafa da ƙyalle mai laushi. Da damina kuma kada a kulle kayan a jaka mai laima, domin fumfuna tana tsirowa a cikin gilashi.

Kashedi guda ga iyaye: kada wani ya taɓa duban rana ta cikin madubin nan, ko da ƙiftawar ido. Yana makantar da mutum har abada, yana kuma ƙona kyamara. Kada a bar yara da shi su kaɗai sai sun fahimci wannan sarai.

Shawararmu a taƙaice

Wanda yake da madubi da waya, ya sayi mahaɗi kawai, ya yi shekara guda yana koyo. Mafi yawanmu ba za mu bukaci fiye da haka ba. Wanda ya ƙware, ya ga wayar ta gaza masa a wurin duhu, ya nemi kyamarar aljihu mai inci ɗaya, ko marar madubin ciki da gajeren gilashi. Wanda ba shi da kome tukuna, ya fara da madubi mai ido biyu da littafin rubutu.

Kada kowa ya ci bashi domin wannan, kada kuma miji ya saya a ɓoye wa matarsa. A zauna a yi lissafi tare, kamar yadda Ubangiji ya koyar a Luka 14 a kan mai niyyar gini. Madubi guda ya ishi makaranta ko zumuntar matasa ta ikkilisiya, in an haɗa kuɗi aka danƙa shi ga amintaccen mutum.

Ladabin fita

Dogon abu baƙi a kan ƙafa uku yana iya tsorata wanda bai san shi ba, musamman a wuraren da aka sha fama da rashin zaman lafiya. In kun isa ƙauye, ku fara gaida mai unguwa ko dagaci, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku bar mutane su leƙa su gani. Kada ku juya shi wajen gidajen mutane, ko rafi inda mata suke wanka. Kada ku kafa shi kusa da barikin soja, ko filin jirgin sama, ko shingen jami'an tsaro. Kafin tafiya mai nisa, ku tambayi mutanen wurin halin da hanya take ciki.

Tsuntsun ma yana da nasa haƙƙi. Amfanin madubi shi ne a gan shi daga nesa ba a firgita shi ba. In uwa ta tashi daga sheƙa saboda ku, rana tana iya kashe ƙwan cikin ɗan lokaci, ko hankaka ya kwashe. Shari'ar Musa ma, a Maimaitawar Shari'a 22:6-7, ta hana a kama uwar tsuntsu tare da 'ya'yanta.

Me ya kawo wannan zance cikin mujallar iyali?

Nijeriya tana da tsuntsaye fiye da iri 900, amma waɗansu suna ƙarewa a gaban idonmu. Dattawa suna tuna sa'ad da ungulu take cika kowace mahauta. A 2015 aka sa irin ungulun nan ta gari cikin jerin halittun da suke bakin ƙarewa a duniya. Gauraka, wanda dā yake yawo garke-garke a fadamun arewa, yau da ƙyar ake ganinsa a ƙasar nan. Masana ba su isa su kasance ko'ina ba, hoton da ɗan ƙauye ya ɗauka da rana da wuri a rubuce kuwa shaida ce da ba a musunta.

A Laminga kusa da Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis, wadda take aiki tare da Jami'ar Jos a dajin Amurum. Tun 2015 aka soma aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda ya dogara ga rahoton masu sa kai. A duwatsun Filato akwai wani ɗan jan tsuntsu da masana ba su ba shi suna ba sai a 1998. A fadamun Haɗeja da Nguru kuma dubban agwagin ruwa da 'yan bakin tafki daga Turai suna yin hunturu tare da kirinjijiya da dinya da zalɓe namu. Waɗansunsu suna da zobe mai lamba a ƙafa, hoto ta madubi yana iya karanta lambar, a san ƙasar da suka fito.

Annabi Irmiya ya kafa wa mutanensa misali da tsuntsaye masu ƙaura, waɗanda suka san lokacinsu, a sura 8 aya 7. Manomin da ya ga shamuwa ta sauka a kan kuka ya soma gyaran gona, ya fahimci wannan misali ba sai an fassara masa ba. A Matiyu 6:26 kuma Yesu ya umarci masu damuwa su dubi tsuntsaye, su tuna da wanda yake ciyar da su. Yaron da ya taɓa ganin idon kurciya ta cikin madubi, da wuya ya sāke ɗaga mata danƙo.

Ga aikin wannan wata. Kowane gida ya rubuta sunayen tsuntsayen da suka sauka a tsakar gidansa ko gonarsa cikin mako guda, da Hausa da kuma harshen gida, a tambayi kaka waɗanda ba a sani ba. Ku aiko mana da jerin, da hoto in an samu. A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu yi zancen shamuwa da doguwar tafiyarta zuwa kudancin Afirka.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.